Bolt, amfiya, om da wat: tambayoyi da amsoshi kan lissafin wutar lantarki

Waɗannan tambayoyi su ne suke yawan fitowa daga ɗaliban fizik, yaran da ke koyon wayarin, da magidantan da suka sayi sola ko janareta suna son sanin abin da zai iya ɗauka. Lissafin bai wuce sau da rabawa ba, amma rashin yin sa ya ƙone wayoyi da batura masu yawa.

1. Mene ne bambancin boltej, karant, turjiya da ƙarfi?

Ka ɗauki tankin ruwa da aka ɗora a bisa, da bututun da ya sauko daga gare shi. Tsayin tankin shi ke sa ruwa ya fito da matsi: wannan matsin shi ne boltej, ana auna shi da bolt, alamarsa V. Yawan ruwan da ke wucewa ta bututun a kowace daƙiƙa shi ne karant, ana auna shi da amfiya, alamarsa I. Ƙuncin bututun da ke hana ruwa gudu shi ne turjiya, ana auna ta da om, alamarta R, kuma a jikin kaya za ka ga ana rubuta om da alamar Ω.

Ƙarfi kuwa shi ne yawan aikin da wutar ke yi a kowace daƙiƙa, ko zafi ne, ko haske, ko juya mota, wato injin da ke juyawa a cikin kaya irin su fanka da firij. Ana auna shi da wat, alamarsa P. A bakin jama'a duk huɗun nan "wuta" ne, shi ya sa ake yawan rikicewa. Mai cewa "wutar ba ta da ƙarfi yau" boltej yake nufi, mai cewa "dutsen guga yana shan wuta" wat yake nufi.

2. Yaya zan lissafa turjiya idan na san boltej da karant?

Ka raba boltej da karant: R = V ÷ I. Wannan ita ce dokar Ohm, wadda Bajamushe Georg Simon Ohm ya wallafa a 1827. Idan ka jona abu a batir mai bolt 12 ya ja amfiya 2, turjiyarsa om 6 ce. Idan dutsen guga ya ja amfiya 4.6 a wutar gida mai bolt 230, turjiyarsa 230 ÷ 4.6, wato om 50. Ana juya dokar yadda ake so: V = I × R, ko I = V ÷ R. Duk biyun da ka sani za su ba ka na uku.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne miliamfiya. Amfiya 1 miliamfiya 1,000 ce. Idan aka ce batir mai bolt 9 yana ba da miliamfiya 30, sai ka fara mai da ita 0.03 kafin ka raba: 9 ÷ 0.03 = om 300. Wanda ya raba 9 da 30 kai tsaye zai samu 0.3, ya yi kuskure ninki dubu.

3. To wat fa, yaya ake samun sa?

Boltej sau karant: P = V × I. Dutsen gugar da ke tambaya ta 2 zai ba da 230 × 4.6 = wat 1,058. Cajar wayar hannu da aka rubuta mata 5V 2A, wato bolt 5 da amfiya 2, tana fitar da wat 10.

A aikace, an fi bukatar juya lissafin, domin kamfani yakan rubuta wat a jikin kaya, kai kuma amfiya kake nema don zaɓen waya da fiyus. Sai ka ce I = P ÷ V. Butar lantarki mai wat 2,000 a bolt 230 tana jan amfiya 8.7. Filogi mai ƙafa uku masu kusurwa da ake amfani da shi a Najeriya iyakarsa amfiya 13, wato kusan wat 3,000. Buta da dutsen guga tare sun riga sun kai bakin wannan iyaka.

4. Ba ni da ɗaya daga cikin biyun. Zan iya samun wat daga turjiya?

Za ka iya. Idan ka saka dokar Ohm cikin P = V × I, hanyoyi biyu ne suke fitowa. Idan karant da turjiya ka sani: P = I × I × R. Idan boltej da turjiya ka sani: P = V × V ÷ R. A littafi ana rubuta su I²R da V²/R.

Ta hanya ta biyu ake gano turjiyar kaya daga abin da aka rubuta a jikinsa: R = V × V ÷ P. Ga butar nan mai wat 2,000, 230 × 230 = 52,900, a raba da 2,000, ya zama kusan om 26. Mai gyara da ya auna ƙarfen zafin butar ya ga om 26 ko kusa ya san lafiyarsa ƙalau, sai ya nemi matsalar a makunni ko a waya.

5. Lissafi ɗaya ya nuna ƙarin turjiya ƙarin wat ne, ɗayan ya nuna akasin haka. Wanne ne gaskiya?

Duka gaskiya ne, kuma wannan tambaya ce mai kyau, don wanda ya fahimce ta ya gama da rabin darasin. Abin dubawa shi ne: me ke tsaye bai canzawa, boltej ko karant?

Kayan da ke jone a soket duk boltej ɗaya suke samu. A nan V²/R ke aiki, kuma mai ƙaramar turjiya shi ya fi shan wuta. Buta mai om 26 tana cin wat 2,000, tsohon ƙwan fitila mai kusan om 880 yana cin wat 60 kawai.

Amma waya da kayan da take ɗauke wa wuta karant ɗaya ke bi ta cikinsu, ɗaya bayan ɗaya. A nan I²R ke aiki, kuma duk gurbin da turjiyarsa ta ƙaru, nan zafi zai taru. Shi ya sa ake son ƙarfen buta ya riƙe turjiyar duka, wayar kuma ta kusa zama babu. Tambaya ta 6 ta yi bayanin abin da ke faruwa idan aka samu akasi.

6. Me ya sa soket ko waya ke yin zafi har ta narke alhali fiyus bai tsinke ba?

Saboda fiyus yawan karant kawai yake gani, ba ya ganin inda zafi ke taruwa. Ka ɗauka sukurun soket ya saki, ko ƙarfen ciki ya yi tsatsa, har mahaɗar ta samu turjiyar rabin om. Amfiya 10 ta wuce: 10 × 10 × 0.5 = wat 50, a wurin da bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba, kewaye da roba. Amfiya 10 ba ta isa ta tsinke fiyus mai 13 ba, amma wat 50 a wannan ɗan wuri ya isa ya narkar da soket. Warin roba ko baƙin da ke bayyana a bakin ramin soket alamar wannan ce, kuma ba abin da za a bari sai gobe ba ne.

Ita kanta waya tana da turjiya. Mita 1 na wayar jan ƙarfe mai kaurin 1 mm² tana da kusan om 0.017. Mai 2.5 mm² tana da kusan om 0.007. Tsawo na ƙara turjiya, kauri na rage ta, kuma a lissafi ana ƙirga zuwa da dawowa. Alminiyam ya fi jan ƙarfe turjiya da kusan ninki 1.6. A kasuwa akwai waya da cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe, akwai kuma wadda aka rubuta 2.5 amma kaurin bai kai ba. Ka kankare bakin wayar da wuƙa: idan fari ya bayyana, ba jan ƙarfe ba ne zalla.

Abin da ya fi muhimmanci a lura da shi shi ne karant sau kansa ake yi. Idan ka ninka lodin da ke kan waya sau biyu, zafinta sau huɗu zai ninku, sau uku kuma ya zama sau tara. Ikstenshin ɗin da ya yi shekara yana ɗauke da talabijin da fanka lafiya, rana ɗaya aka jona masa hita, sai ya kama da wuta.

7. Inbata ta mai bolt 12 ce. Me ya sa aka ce sai na sa kebul mai kauri tsakaninta da batir?

Wannan shi ne wurin da masu sola suka fi yin asara. Wat ɗin da kake ci a ɗaki dole ya fito daga batir, amma a ƙaramin boltej, don haka karant ya yi yawa. Lodin wat 1,000 a bolt 230 amfiya 4.3 ne kawai. Wannan lodin a ɓangaren batir mai bolt 12 ya zama 1,000 ÷ 12 = amfiya 83, kuma idan aka haɗa da abin da inbatar ke ɓatarwa zai haura 90.

Yanzu ka ce an yi amfani da wayar soket mai 2.5 mm², nisan mita 2, zuwa da dawowa mita 4. Turjiyarta om 0.028. Bolt ɗin da zai salwanta a hanya 83 × 0.028, kusan 2.3 cikin 12. Inbata za ta fara kuka tana nuna batir ya yi ƙasa alhali cike yake. Zafin da ke cikin wayar kuwa 83 × 83 × 0.028, kusan wat 190. Da kebul mai 25 mm², asarar za ta sauko kusan wat 19. Sau da yawa ana zargin batir, a je a sayo sabo da kuɗi masu yawa, alhali kebul ne mai laifi.

Idan aka koma tsarin bolt 24, karant ɗin ya zama amfiya 42, a bolt 48 kuma 21. A ganina duk wanda lodinsa ya kai wat 1,000 a kai a kai, gara ya bar tsarin bolt 12.

8. Shi ya sa manyan layukan wuta suke da boltej mai yawa?

Ƙwarai. Wutar da ke fitowa daga Kainji da Shiroro ana ɗaga ta zuwa bolt 330,000 kafin ta kama hanya, wasu layukan kuma 132,000, kamar wanda ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Idan ta iso gari sai a sauke ta zuwa 33,000 da 11,000, taransifomar unguwa kuma ta sauke ta zuwa wadda ke shiga gida. Ɗaga boltej ninki goma na rage karant ninki goma, asarar zafi kuma ninki ɗari. Dalili ɗaya ne da na tambaya ta 7.

9. Idan an kawo wuta ba ƙarfi, me ke faruwa da kayana?

Ya danganta da irin kayan. Masu ba da zafi, kamar dutsen guga, hita da buta, turjiyarsu kusan a tsaye take, don haka ƙarfinsu ne ke faɗuwa. Dutsen guga mai om 50 a bolt 180 zai ba da 180 × 180 ÷ 50 = wat 648, maimakon 1,058. Boltej ya ragu da kusan kashi 22 cikin 100, amma zafi ya ragu da kusan kashi 39. Ba abin da zai same shi, aikin ne kawai zai yi nawa.

Masu mota a ciki, kamar firij, na'urar sanyaya ɗaki da injin jawo ruwa daga rijiyar burtsatse, labarinsu daban ne. Aikin da ke gabansu bai ragu ba, don haka idan boltej ya sauka sai su ƙara jan karant. Ƙarin karant a cikin naɗin wayar mota ƙarin zafi ne bisa I²R, kuma idan motar ta kasa tashi tana gurnani, cikin ɗan lokaci naɗin zai ƙone. A irin wannan wuta, a kashe firij ya fi.

Sitabilaiza ba ta ƙirƙirar wuta. Idan ta ɗaga bolt 160 zuwa 230, ƙarin amfiya take ja daga layi don ta biya bambancin. Lodin wat 1,000 zai ja sama da amfiya 6 a bakin shiga maimakon 4.3, don haka wayar da ke kawo mata wuta ita ma sai an duba ta.

10. Na auna turjiyar ƙwan fitila da mita, abin da na gani bai yi kusa da lissafi ba. Mitar ce ta lalace?

Ba lalle ba ne. Zaren da ke cikin tsohon ƙwai na tangistin ne, kuma turjiyarsa na hauhawa da zafi. Ƙwai mai wat 60 yana da kusan om 880 idan yana ci, amma a sanyi mita za ta nuna maka wajen om 60 zuwa 70. Shi ya sa irin wannan ƙwai ya fi mutuwa a daidai lokacin da aka kunna shi, lokacin da karant mai yawa ke rugawa ta zare mai sanyi. Dokar Ohm tana aiki daidai ne a kan abin da turjiyarsa ba ta canzawa.

Fitilar LED kuwa sam ba ta bin dokar kai tsaye. Tana riƙe wani boltej nata, jar LED kusan bolt 2, fara ko shuɗiya kusan 3, kuma da an haura wannan kaɗan sai karant ya yi tsalle ya kashe ta. Don haka ake sa mata rizisto, wato ɗan abin da ke ƙara turjiya don rage karant. Idan za ka kunna jar LED a batir mai bolt 12 da miliamfiya 20: 12 − 2 = bolt 10, a raba da 0.02, ya zama om 500. A kasuwa za ka samu 510 ko 560. Rizisto ɗin zai sha 10 × 0.02 = wat 0.2. Mai rubu'in wat zai ɗauka da ƙyar, mai rabin wat ya fi kwanciyar hankali.

11. An rubuta kVA a jikin janareta da inbata. Daidai yake da kilowat?

A'a. A wutar batir, bolt sau amfiya wat ne kai tsaye. A wutar gida, wadda ke juyawa gaba da baya sau 50 a daƙiƙa, wannan gaskiya ce kawai ga kayan zafi. A mota da taransifoma, karant yana ɗan biyo bayan boltej, sai wani kaso nasa ya riƙa kai da komowa a waya ba tare da ya yi aiki ba. Bolt sau amfiya a nan VA ne (VA 1,000 shi ne 1 kVA, kamar yadda wat 1,000 yake kilowat 1), kuma sai an ninka shi da wani adadi da bai wuce 1 ba kafin a samu wat na gaskiya. Kamfanoni da yawa suna ɗaukar 0.8, don haka inbata mai 1 kVA wajen wat 800 za ta ɗauka, mai 2.5 kVA wajen 2,000.

Ka bar sarari saboda tashin mota. Firij mai wat 150 yakan ja ninki uku ko fiye a daƙiƙar da ya tashi, shi ya sa ƙaramin janareta ke nishi ko ya mutu duk da lissafin wat ya nuna zai iya. Ita kuwa waya da fiyus, da amfiya ake zaɓensu, ba da wat ba.

12. Mene ne yunit ɗin da mitar kati ke cirewa, kuma awa nawa batir zai kai ni?

Yunit 1 shi ne wat 1,000 na tsawon awa 1. Ka ninka wat da awoyi, ka raba da 1,000. Fanka mai wat 75 da ke aiki awa 10 tana cin yunit 0.75 a rana, 22.5 a kwana 30. Buta mai wat 2,000 da aka kunna minti 15 ta ci rabin yunit. Ƙaramin abu da ba a kashewa yakan fi babban abu da ake kunnawa jefi-jefi cin kuɗi.

A batir, ka ninka bolt da Ah ɗin da aka rubuta, wato amfiya sau awa. Mai 12V 200Ah yana ɗauke da wat 2,400 na tsawon awa 1, wato yunit 2.4. Idan batir mai dalma ne, ba a so a sha fiye da rabinsa in ana son ya daɗe, saura 1,200. Inbata za ta ci wajen kashi 15 cikin 100, saura kusan 1,000. Lodin wat 200 zai kai awa 5 ke nan. Batirin litiyam ana iya shan kaso mafi girma daga cikinsa, kashi 80 ko fiye.

13. Yaya ake lissafi idan abubuwa biyu ne a jone?

Idan a jere suke, ɗaya na bin ɗaya, sai a tara turjiyar: om 10 da om 20 sun zama 30. Idan gefe da gefe suke, kowa na shan wuta daga tushe ɗaya, sai a ninka su a raba da jimillarsu: 10 × 20 ÷ 30 = om 6.7, ƙasa da ƙaramar cikinsu. Kayan gida gefe da gefe suke, don haka duk abin da ka ƙara jonawa yana rage turjiyar gidan gaba ɗaya, yana ƙara karant a babbar waya.

Batura biyu masu 12V 200Ah a jere suna ba da 24V 200Ah, gefe da gefe kuma 12V 400Ah. Abin da suka tara ɗaya ne, 4,800, amma na farkon ya fi sauƙi ga kebul, kamar yadda tambaya ta 7 ta nuna.

14. An aiko min da kaya daga Amurka. Zan iya jona shi kai tsaye?

Ka fara karanta jikinsa. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Najeriya 230, ta Nijar 220. Idan an rubuta 100–240V, kamar yawancin cajar waya da ta kwamfuta, bakin filogi kawai za ka canza. Idan 120V kaɗai aka rubuta, kada ka jona. Boltej ya kusa ninkuwa biyu, don haka bisa V²/R ƙarfin zai ninku kusan sau 3.7. Abin busar da gashi mai wat 1,000 zai nemi ya zama 3,700, kuma daƙiƙoƙi kaɗan zai yi. Sai da taransifomar da ke sauke wuta, wadda wat ɗinta ya fi na kayan.

15. Yaya ake auna waɗannan abubuwa ba tare da an ƙone mita ba?

Boltej ana auna shi ta ɗora tsinken mita biyu a ɓangarori biyu na abin, wuta na ciki. Karant sai an yanke hanya an sa mita a tsakiya, wutar ta bi ta cikinta. Turjiya kuwa ba a auna ta sai an cire wuta gaba ɗaya, an kuma ware abin daga sauran.

Kuskuren da ke kashe mita shi ne a manta jan tsinke a ramin 10A, sannan a tura shi cikin soket don auna boltej. A wannan saiti turjiyar mitar kusan babu ce, don haka ka haɗa wuta gaba da gaba ke nan. A wutar gida, mita mai baki irin na filaya da ake maƙala wa waya ta fi aminci wajen auna karant. Waya ɗaya ake maƙalawa. Idan ka kama biyun tare, sifili za ta nuna.

16. Batir yana iya ba da ɗaruruwan amfiya amma ba ya jan mutum, soket kuma yana kisa. Me ya sa?

Batir ba ya tura amfiyar da ke cikinsa da ƙarfin tsiya. Abin da ya wuce shi ne V ÷ R. Busasshiyar fata tana da turjiyar dubban om, har takan kai 100,000. Bolt 12 a kan wannan miliamfiya 0.12 ce, ba za ka ma ji ba. Amma jiƙaƙƙen jiki yana iya saukowa wajen om 1,000, kuma bolt 230 a kan wannan miliamfiya 230 ce. Na'urar kariya da ake sa wa gidaje don ceton rai a miliamfiya 30 take yanke wuta, don abin da ya haura haka yana iya rikita bugun zuciya. Wannan ne ya sa hitar da ake tsomawa a bokiti take da haɗari sosai: ga ruwa, ga ƙafa ba takalmi. A cire filogi kafin a taɓa ruwan, kowane lokaci, a kuma koya wa yara haka.

Haɗarin batir ta wata fuska yake. Sifana da ta faɗa tsakanin kawunansa biyu turjiyarta ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na om ba, don haka ɗaruruwan amfiya za su bi ta, ta yi ja, batirin kuma yana iya fashewa ya watsa asid. Kafin ka taɓa batura ka cire zobe da agogon ƙarfe, ka naɗe hannun sifanar da tef, ka kuma sa fiyus a kebul ɗin da ya fito daga kan mai alamar +, kusa da batirin.